Filin Tambayoyin Lafiya: Haihuwa Bayan Aiki, Ɗorin Gida da Ƙishirwar Jinjiri

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga Damagaram da garuruwan da ke kewaye da ita sun fi ƙarfin filin da muke da shi, saboda haka na zaɓi guda shida waɗanda na ga amsarsu za ta amfani gidaje da yawa, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba. Abin da ke nan bayani ne kawai. Duba mara lafiya da ido da hannu sai an je gidan likita.

Tambaya ta farko, daga wani magidanci a Miriya:

Likita, barka da aiki. Iyalina ta kwana biyu tana naƙudar cikin fari a gidan iyayenta kafin a kai ta asibiti a Damagaram, inda aka yi mata aiki aka ciro yaro. Alhamdu lillahi yana raye, watansa 14 yanzu. Tun daga lokacin ƴan'uwana ke cewa wadda aka yanka sau ɗaya ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba, wasu ma suna cewa da an ƙara haƙuri da ta haihu a gida. Mece ce gaskiyar wannan magana, kuma yaushe ya dace ta sake ɗaukar ciki?

Amsa:

Malam, Allah ya raya yaro, ya ƙara wa maiɗakinka lafiya. Zan fara da maganar ƙarin haƙuri, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. Idan naƙuda ta kankama, mace ta wuni ko ta kwana a kanta, wato kimanin awa 12, haihuwa ba ta zo ba, to a ɗauka akwai abin da ya tare hanya, kuma jira ba ya kawar da shi. Wani lokaci ƙugun uwar ne ya matse, musamman yarinyar da ta yi ciki ƙasusuwanta ba su gama girma ba. Wani lokaci kan yaron ne ya yi girma, ko kuma ya kwanta a gicciye. A irin wannan hali mahaifa tana ta turo yaro, ƙashi yana tare shi, kansa kuma yana danne mafitsara da hanji a jikin ƙashin har jini ya daina kaiwa wurin. Naman da jini ya yanke masa yakan mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube ya bar kafa, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan shi ne yoyon fitsari da ya raba mata da yawa da ɗakunan aurensu a ƙasarmu. Galibi kafin a kai nan yaron ya riga ya rasu a ciki, mahaifar kanta ma tana iya fashewa. Yankan gishiri da wasu ke yi da aska a gida ba ya buɗe ƙashi, abin da askar ke samu jijiyar jini ce ko mafitsara. A ganina maiɗakinka ta tsallake rijiya da baya ne, ita da ɗanka, kuma ya kamata ka faɗa wa ƴan'uwanka haka a gabanta, domin macen da ake yi wa kallon raguwa saboda an yi mata aiki ita ce za ta ɓoye naƙudar gaba.

Akwai wata al'ada da nake roƙon iyaye mata su sassauta, ita ce kunyar cikin fari. Yarinya takan cije ta ɓoye ciwo har gari ya waye ba wanda ya san tun jiya take fama, sa'an nan a zauna jiran mai gida ya dawo daga kasuwa ko daga ci-rani kafin a sami izinin fita. Wannan izini a ba da shi tun ciki yana wata bakwai, a gaban surukai, a kuma san motar da za a kira ko da tsakar dare ne. Tun shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin aikin haihuwa a asibitocinta, a 2006 kuma aka haɗa da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A aikace magani kan yanke a sayo a waje, kuma kuɗin mota da neman masu ba da jini suna nan a wuyan dangi, don haka a yi tanadinsu tun da wuri.

Maganar cewa ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba kuwa, ba haka take ba. Cikin matan da aka yi wa aiki sau ɗaya, waɗanda likita ya duba ya ga sun dace su gwada naƙuda, shida zuwa takwas cikin goma sukan haihu da kansu lafiya. Abin da ake dubawa shi ne dalilin aikin farko da kuma irin yankan da aka yi wa mahaifa. Idan dalilin kwanciyar yaro ce a gicciye, wannan ba lallai ya maimaitu ba; idan kuwa ƙugu ne ya matse sosai, to zai yiwu a sake aiki. Tabon da kake gani a fatar mara ba ya nuna yadda aka yanka mahaifa a ciki, takardar asibiti ce ke nunawa, saboda haka ku adana karnenta, wato littafinta na asibiti, kamar yadda kuke adana takardar gona. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne wannan: duk macen da ke da tabo a mahaifa ba ta naƙuda a gida, ba ta kuma naƙuda a ƙaramar likitar ƙauye. Wurin haihuwarta shi ne inda ake da ɗakin fiɗa da jini a ajiye, kamar cibiyar kula da lafiyar uwa da ɗa ta Damagaram, domin idan tabon ya fara buɗewa mintoci ake ƙirgawa. Kada a ba ta wani jiƙo na gaggauta naƙuda, kada kuma wani ya yi mata allurar naƙuda a gida. Wadda aka yi wa aiki sau biyu ko fiye, galibi rana ake sa mata kafin naƙuda ta tashi.

Game da lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, kuma ga mai tabo wannan hutu ya fi muhimmanci, domin ciki na kusa da kusa yana ƙara haɗarin fashewar mahaifa. Saura muku wata goma ke nan. Ku je tare wurin ungozomar asibiti ta nuna muku hanyoyin tazarar haihuwa da suka dace da mai shayarwa, ku zaɓi wadda hankalinku ya kwanta da ita.

Tambaya ta biyu, daga wata amarya a unguwar Garin Malam:

Likita, shekarata 19, cikina na fari wata bakwai. Mako biyu ke nan ƙafafuna da fuskata suna kumbura, zobena ya daina fita, kuma ina da ciwon kai da ba ya jin magani. Uwar mijina ta ce kumburin ciki ne, zai saɓe bayan haihuwa. Sau ɗaya na je awo. Ko in jira ranar awo ta gaba?

Amsa:

Ƙanwata, ranar da wasiƙarki ta iso na sa aka kira ki a gaya miki ki tafi asibiti a ranar, kuma ina buga amsar ne saboda sauran mata. Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke saɓewa idan an kwana, yawancin masu ciki suna yinsa kuma ba abin tsoro ba ne; a nan uwar mijinki tana da gaskiya. Amma kumburin fuska da hannuwa tare da ciwon kai mai naci wani abu ne daban. Alama ce ta hawan jinin ciki, wanda ke bayyana bayan mako na 20, ya fi kuma kama mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda shekarunta suka yi ƙasa ko suka ja. Ana gane shi idan awon jini ya kai 140 bisa 90, aka kuma ga sinadarin furotin a fitsari. Sauran alamunsa su ne gani dishi-dishi ko kamar walƙiya, ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, amai, da raguwar motsin yaro. Idan aka bar shi yakan kai ga jijjiga, wadda sau da yawa ake ɗauka aikin iskoki ne a ɓata awoyi ana turare. Mai cikin da ta faɗi tana jijjiga a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa, a ɗauke ta nan take. A asibiti akwai allurar magneziyom salfet da ke tsayar da jijjigar da maganin da ke sauke jini, idan kuma abin ya tsananta akan fitar da yaro ko da watanninsa ba su cika ba, domin ciwon daga mabiyiya yake tasowa kuma sai ta fita yake lafawa.

Awo ɗaya a wata bakwai ya yi kaɗan ƙwarai. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga adadin zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, na farko kafin ciki ya cika wata uku. A nan ne ake auna jini, a ba da ƙwayar ƙarin jini, a yi allurar tetanos, a raba gidan sauro, a kuma ba da ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata daga wata na huɗu, aƙalla sau uku.

Tambaya ta uku, daga wata uwa a Matamaye:

Likita, ruwan shayi ya zube wa ɗiyata mai shekara biyu a cinya. Maƙwabta suka shafa mata man goge baki da ɗanyen ƙwai, wata ma ta kawo gashin zomo. Ta warke, amma da tabo babba. Me ya kamata in yi da farko?

Amsa:

Ƴar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Maganin farko na ƙuna ruwa ne mai sanyi, irin na randa, a riƙa kwarara shi da buta a kan wurin har minti 20, ana rufe sauran jikin yarinya don kada sanyi ya kama ta. Zafi yana ci gaba da cin nama ko bayan an ɗauke abin da ya ƙona, ruwan ne ke tsayar da shi. Na san ruwa da tsada a yankinmu, amma jarka ɗaya a wannan lokaci ta fi magani na jaka goma daga baya. Ƙanƙara ba ta dace ba. A cire riga da warwaro da guru kafin wuri ya kumbura, sai dai tufar da ta manne a bar ta. Kada a fasa ƙurajen ruwan, kada a shafa man goge baki, ƙwai, toka, baƙin mai ko gashin zomo, domin suna kai ƙwayoyin cuta, kuma sai an kankare su kafin likita ya ga zurfin ƙunar. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta sami fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ko kuma wurin ya yi fari ba ya zafi, wanda alama ce ta ƙuna mai zurfi.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗan kabu-kabu a Zango:

Likita, ɗana mai shekara takwas ya faɗo daga katanga, hannunsa ya karye dab da gwiwar hannu. Muka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure da kara. Washegari yatsunsa suka kumbura suka yi sanyi, ya kwana yana kuka. Wani maƙwabci ya matsa muka kai shi asibiti, aka kwance ɗaurin, likita ya ce saura ƙiris hannun ya mutu. Mahaifina kuwa ya ce asibiti yanke hannu suka sani, kuma shi ma ɗorin gida aka yi masa yana yaro ya warke. Wa ke da gaskiya?

Amsa:

Malam, ka riƙe wannan maƙwabci da kyau. Baba bai yi ƙarya ba da ya ce ɗorin gida ya warkar da shi, kuma ni ba na cikin masu raina masu ɗori, domin mutane ne da suka gaji sana'a, suna kusa da jama'a, kuma sun tsaya wa marasa lafiya a lokacin da babu asibiti ko ɗaya a ƙasar nan. Sai dai ya kamata a fahimci cewa ƙashi da kansa yake haɗewa: na yaro cikin mako uku zuwa shida, na babba cikin mako shida zuwa goma sha biyu, muddin an daidaita shi an hana shi motsi. Karaya mai sauƙi takan warke a hannun kowa. Matsalar ita ce daga waje ba a iya rarrabe mai sauƙi da mai haɗari, sai an ɗauki hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo.

Ga abin da ya faru da ɗanka. Duk gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku. Tsokar hannu tana cikin wata jaka ce mai tauri da ba ta miƙewa, idan kuma aka ɗaure da kara da tsumma tamau tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da ta yi kimanin awa shida babu jini takan fara mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa: ko hannu ya shanye yatsu su ƙanƙame har abada, ko ya yi baƙi ya ruɓe. Karayar da ke dab da gwiwar hannu, wadda yara suka fi yi, ta fi kowace haɗari a wannan fanni, saboda babbar jijiyar jinin hannu da jijiyoyin motsi suna wucewa ne daidai gaban ƙashin da ya karye. Daga nan ne maganar Baba ta samo asali. Hannun da aka kawo asibiti a rana ta biyar, ya yi baƙi yana wari, babu abin da ya rage sai a cire shi don a ceci rai, sai labari ya koma gari cewa asibiti ta yanke hannu, ba wanda ya ƙirga kwanakin da ya yi a ɗaure. Ganin yaro ɗan firamare da guntun hannu saboda karayar da filasta ta mako huɗu za ta warkar yana cikin abubuwan da suka fi ɓata mini rai a wannan aiki.

Ko ɗorin gida ne ko filastar asibiti, wadda mutane ke kira siminti, alamun haɗari ɗaya ne: ciwo mai ƙaruwa da ba ya jin magani, kuka idan an miƙe yatsun yaro, yatsu su kumbura ko su yi sanyi ko su sauya launi, ko ya ce ba ya jin su. Da an ga ɗaya daga ciki a sassauta ɗaurin a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da dare ne. Akwai kuma karayar da bai kamata ta biya ta wurin mai ɗori ba sam: wadda fata ta fashe ko ƙashi ya leƙo, domin tana buƙatar wanki a ɗakin fiɗa da allurar tetanos da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wadda ta shiga gaɓa, ta cinya da ta ƙugu, da duk bugun da ya sami wuya ko gadon baya, inda ɗaga mutum barkatai kan jawo shanyewar ƙafafu. Kafin a isa asibiti, a tallafe gaɓar da kwali ko katako a yadda aka same ta, a ɗaure sako-sako, kada a ja, kada a murza.

Tun da sana'arka babur ce, bari in ƙara da wannan. Ƙashin hannu yana haɗewa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta yin haka, don haka ka riƙa sa hular kwano ko zafi ya kai ina. Wanda ya bugu a kai ya tashi yana magana, daga baya ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, jini ne mai yiwuwa ke taruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ya kamata a nufa da shi kai tsaye.

Tambaya ta biyar, daga wata dattijuwa a Birni, jikanta ya rubuta mata:

Ɗana likita, ɗiyata ta zo wankan gida, jinjirinta mako uku. Ungozomar asibiti ta ce kada a ba shi ruwa har wata shida, ta kuma hana kunun kanwa. Ga bazara, babba ma maƙogwaronsa bushewa yake. Ashe jinjiri ba ya jin ƙishirwa? Ni ƴaƴa tara na haifa, duk da ruwa da bauri na raine su.

Amsa:

Iya, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma, ya raya jika. Jinjiri yana jin ƙishirwa ƙwarai, kuma tausayin da ya sa kika yi wannan tambaya shi ne ke raya yara. Abin da ungozoma ke nufi shi ne ruwansa yana cikin nonon uwarsa. Fiye da kashi 85 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma wanda ke fara zubowa idan yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, mai kaurin da ke ƙosarwa yana biyo baya. An gwada wannan a ƙasashe masu zafi irin namu, aka ga jinjirin da ke shan nono zalla duk lokacin da ya nema ba ya bushewa. Cikin jinjiri ƙarami ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono ne. Idan ya rage tsotso nonon uwar ma sai ya ragu, daga nan a ce ba ta da nono. Ga kuma ruwan kansa: kin san hanyar da yake bi daga famfo zuwa jarkar mai ga-ruwa zuwa randa zuwa moɗa, hanjin babba ya saba, na ɗan mako uku kuwa zawo yake kamawa. Don haka moɗar ruwan a miƙa wa mai jego, ta sha ta ƙoshi, ta ba da nono dare da rana. Idan yaro yana fitsari sau shida ko fiye a yini, nauyinsa yana ƙaruwa a wurin awo, to ya wadatu.

Bauri da sauran jiƙe-jiƙe hukuncinsu ɗaya da ruwa. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jinjiri. Idan rubutu ne aka karɓo don neman tsari, uwar ta sha, shi kuma a yi masa addu'a a tofa. Ina kuma roƙonki, Iya, tun da maganarki ake ji a gida, ki hana abu biyu ga jikokin da ke tafe: matse dakashi a zubar, alhali wannan nonon farko mai ruwan ɗorawa shi ne rigakafin yaro na farko kuma a cikin awa ɗaya da haihuwa ya kamata ya kama shi, da cire beli ranar suna, wanda ba ya maganin komai, amma yana jawo zubar jini da tetanos da ƙin kama nono. Jinjirin da bai kai wata biyu ba, idan ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko tafin hannu da na ƙafa suka yi shawara, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ba a kwana da shi a gida.

Kunun kanwa kuwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka kuma danganta shi da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kanwa mai yawa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki a lokacin da take gajiye da ɗawainiyar ciki. Kulawar kwana arba'in al'ada ce mai kyau wadda nake fata ba za ta ɓace ba. A yi wankan da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki, a dama kunun da tsamiya ko gyaɗa, a ba ta nama da wake da zogale. Idan mai jego ta fara haki, ta kasa kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, ƙafafu suna kumbura, zuciya ce, a kai ta asibiti.

Tambaya ta shida, daga wani manomi a Magariya:

Likita, shekara huɗu ina fama da gwaiwa mai sauka idan na ɗauki kaya, ta koma idan na kwanta. An ce sai aiki. Ina tsoron allurar baya, an ce tana kashe ƙafafu da mazakuta. Kuma me ya sa ake hana mutum abinci kafin aiki?

Amsa:

Malam, irin wadda ka kwatanta hanji ne ke zurarowa ta wata kafa da ta buɗe a bangon mara, kuma babu jiƙo ko ƙwaya ko ɗamara da ke rufe wannan kafa, ɗinki ne kaɗai. Haɗarinta shi ne ranar da hanjin zai sauka ya maƙale: wurin ya yi tauri da ciwo mai tsanani, ya ƙi komawa, amai ya biyo, bayan gida da tusa su tsaya. A nan hanji na iya mutuwa cikin awoyi kaɗan, aikin da aka sa wa rana cikin natsuwa ya koma na ceton rai.

Allurar baya ana yin ta ne a ƙasan gadon baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare. Ƙafafu sukan yi nauyi su mutu na awa biyu zuwa huɗu, sa'an nan su dawo daidai, kana farke kana jin maganar masu aiki amma ba ka jin zafi. Ba ta taɓa mazakuta, gyaran gwaiwa kuma ba ya hana haihuwa. Wasu sukan yi ciwon kai na ƴan kwanaki bayanta, yana kuma wucewa. Hana abinci dalilinsa shi ne wanda aka sa barci ba ya iya tare amai, abin da ke cikinsa sai ya gangara huhu; ko da allurar baya aka shirya, ana iya buƙatar sa ka barci a tsakiyar aiki. Ƙa'idar ita ce awa shida babu abinci, kuma fura da kunu da madara duk abinci ne, ruwa zalla kuwa a tsaya da shi awa biyu kafin aiki, sai dai idan asibitin sun ba ka wani lokaci, to nasu za ka bi. Ka gaya wa mai allurar barci duk abin da kake sha ba tare da kunya ba: maganin hawan jini, na ciwon suga, asfirin, na gargajiya, har da tramol idan kana shansa don ƙarfin aiki, domin yana sauya yadda allura ke kama jiki. Idan kana shan taba ka ajiye ta mako huɗu kafin ranar, saboda tari yana takura ɗinki.

Bayan aiki za a tashe ka ka taka a ranar ko washegari, akan cire zare tsakanin kwana bakwai zuwa goma, idan kuma wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ka koma kafin ranar da aka ba ka. Ɗaukar buhu, jan guga da riƙon hauya sai bayan mako huɗu zuwa shida. Yanzu muna cikin bazara, idan ka karɓi rana a wannan wata, kafin ruwan shuka ya sauka a Magariya ɗinkin ya riga ya yi ƙwari.